Allura Ta Tono Garma: Labarin Mahujin Dutse a Khartum da Umdurman

Da za mu tattara kayan da ke cikin gidajenmu, mu ware waɗanda ba sa aiki sai an huda su, da mun ga abin mamaki. Allura ba ta ɗinki sai da kafa. Maɓallin riga, carbi, murjanin amarya, takalmin fata, ƙotar fartanya, rariyar tankaɗe, duk huda ce ta ba su amfani. Saboda sabo, ba kasafai muke tsayawa mu tambayi kanmu ba: yaya ɗan Adam ya yi ya huda abu mai tauri a zamanin da bai san ƙarfe ba, bai san maƙera ba, balle injin lantarki?

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ba da amsar wannan tambaya a nahiyarmu shi ne birnin Khartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Birni ne da Hausawa suka daɗe da sani, domin a kan hanyar Makka yake ga mahajjatan ƙasa, kuma tun bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'armu suka ƙara yawa a Sudan, wasu a Mai Wurno, wasu a Khartum da Umdurman. A unguwar masana'antu da mazauna birnin suke kira Mantiƙa Sinaiya, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, ƙarar injin huda ƙarfe ba ta yankewa daga safiya zuwa magariba a rumfunan makanikai da masu walda. Tafiyar ƴan kilomitoci daga nan, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, masana suka tono kakan wannan inji: ɗan tsinin dutse wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba.

Tudun da ke gefen asibiti

A shekarar 1944 zuwa 1945, wani Bature ɗan Ingila mai suna Anthony Arkell, wanda shi ne jami'in farko da gwamnatin wancan zamani ta ɗora wa kula da kayan tarihin Sudan, ya haƙa wani tudu da ke gefen babban asibitin Khartum. A saman tudun akwai kaburbura na zamanin kusa, amma a ƙarƙashinsu ya tarar da kufan wasu mutane da suka zauna a bakin Shuɗin Nilu dubban shekaru kafin a gina dalar Masar ta farko. Ya buga sakamakon aikinsa a 1949, kuma daga nan ne masana suka riƙa kiran wannan zamani da sunan Khartum ta Farko. Binciken da ya biyo baya a Saggai, arewa da birnin, da Al-Khidai a bakin Farin Nilu kudu da Umdurman, da duwatsun Sabaluƙa, ya nuna cewa irin wannan zama ya ɗore daga kimanin shekaru 10,000 zuwa 7,000 da suka wuce.

Khartum ta wancan lokaci ba ta yi kama da ta yau ba. A yanzu ruwan saman da birnin yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, amma ƙasusuwan da aka tono a tudun na dorina ne da kada da giwa da ɓauna da kififfiya, ga kuma tarin ƙayar kifi da ɓawon dodon koɗi. Fadama ce da kurmi, kogi yana ambaliya yana barin tafkuna. Mutanen ba su noma, ba su kiwo. Su da farauta da tsintar ƴaƴan itace da ƙwayar ciyawa ne abincinsu. Amma suna gina tukwane, suna yi musu zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kuma tukwanensu na cikin mafiya daɗewa a duniya.

Bayan wannan, a 1949 da 1950, Arkell ya haƙa wani kufai a Shahainab, kimanin kilomita 50 arewa da Umdurman, a gaɓar yamma ta Nilu. Mutanen Shahainab sun zo daga baya, kimanin shekaru 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, kuma sun riga sun mallaki awaki da tumaki da shanu. Wurin yana cikin kufan Afirka na farko da aka auna shekarunsu da sabuwar dabarar nan ta kabon 14, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. A wuraren biyu, cikin dubban gutsattsarin dutse da aka rairaye daga ƙasa, an sami wani nau'i da ya bambanta da sauran: ɗan dutse mai faɗin gindi, wanda aka fiƙe masa tsini da gangan. Shi ne mahuji.

Ƙasar da ƙanƙara ta yi wa ƙaranci

A Masar da Faransa da Ingila, mutanen da suka gabata sun fi yin kayan aikinsu da dutsen ƙanƙara, irin wanda kakanninmu suke buga wa ƙyastu su kunna wuta, kuma irin wanda ake sa wa bindigar gargajiya. Dalili shi ne idan aka buge shi yana ɓantarewa sumul, ya bar kaifi kamar na aska, kuma mai aiki yana iya sanin inda zai tsage tun kafin ya buga. Ƙasar Khartum kuwa ba ta da wadatar wannan dutse. Abin da take da shi birjik shi ne farar tsakuwa mai ƙyalli, wadda masana suke kira kwaz, irin wadda yara suke tsinta a bakin rafi.

Farar tsakuwa dutse ne mai taurin kai. Ba ta da girma, kuma tana da jijiyoyi a ciki, saboda haka sau da yawa takan tarwatse maimakon ta ɓantare yadda ake so. Mai aiki da ita sai ya fasa da yawa kafin ya sami ƴan gutsattsarin da za su yi amfani, shi ya sa kufan Khartum suke cike da farin ɓarɓashi. Duk da haka, da ita aka yi mafi yawan ƙananan kayan aikin wannan yanki. Idan ana son babban abu, kamar gizagon sassaƙa itace da aka samu da yawa a Shahainab, sai a nemo wani dutse mai laushin ƙwaya, ja-ja ko ruwan toka, daga Sabaluƙa, kimanin kilomita 80 arewa da Khartum. Akwai kuma itacen da ya daɗe a ƙasa har ya rikiɗa ya zama dutse, shi ma an yi aiki da shi.

Farar tsakuwa tana da wata baiwa da ta rufe aibinta, wato tauri. A ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, farcen mutum yana wajen 2 da rabi, ƙarfen wuƙar girki yana tsakanin 5 da 6, farar tsakuwa kuwa tana kan 7. Ma'ana ita ce tsinin farar tsakuwa yana iya karce wuƙar da ke madafinmu. Ke nan wanda ya riƙe shi yana riƙe da makamin da zai ci ƙashi da ɓawo da haƙori da kasko, har da wasu duwatsun.

Yadda ake fiƙe shi, da yadda ake gane shi

Yin mahuji yana farawa da ɓantaro ɗan yanki daga jikin tsakuwa. Sai a ɗora yankin a kan wani dutse, a riƙa ɓalle masa ƙananan ɓarɓashi daga gefe biyu, ana matsawa zuwa baki ɗaya, har sai tsini ya fito a tsakiya kamar bakin tsuntsu. Ba a son gefen tsinin ya yi kaifi irin na wuƙa, domin zai karye da an murza. Ana son ya yi kauri, mai kusurwa uku ko huɗu, yadda kowace kusurwa za ta riƙa kankare abin da ake hudawa a duk juyi.

Masana sun raba aikin gida biyu, kuma harshenmu ya riga ya raba shi. Akwai sokewa, wato a danna tsini ya ratsa abu mai laushi kamar fata ko ƙwarya ɗanya, yadda baduku yake yi da basilla. Akwai kuma huji na murzawa, inda tsini yake juyawa yana cin abu mai tauri sannu a hankali har ya ɓulla. Na farko yana son siririn tsini, kuma sau da yawa da ƙashi ake yin sa, domin an sami basillar ƙashi a kufan Khartum. Na biyu yana son gajeren tsini mai ƙarfi, kuma nan ne dutse ya fi ƙashi. Ana iya riƙe mahuji da yatsu a murza dama da hagu. Ana kuma iya dasa shi a bakin siririn itace, a riƙa mirgina itacen tsakanin tafukan hannu, kamar yadda uwargida take kaɗa miya da maburgi. A Masar, daga baya, an ƙara wa itacen baka da tsirkiya don ya yi sauri. Zanen masu huda duwatsun wuya da irin wannan baka yana nan a bangon kabarin waziri Rekhmire, na kimanin shekara 1450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya aka san cewa wannan ɗan dutse mahuji ne, ba ɓarɓashin banza ba? Shaida uku ce. Ta farko, gyaran da aka yi wa gefensa a jere yake, irin wanda tsautsayi ba ya yi. Ta biyu, idan aka duba tsinin da madubin ƙara girma, akan ga ya dakushe ya yi santsi, da ƴan layuka masu zagaye shi, alamar juyi. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Semenov, shi ya shimfiɗa wannan hanyar bincike a littafinsa na 1957. Ta uku kuma tana jikin abin da aka huda. Tsinin dutse yana da faɗi daga sama, saboda haka ramin da yake yi yana tsukewa zuwa ƙasa. Don kada abin ya fashe, mai huji yakan tsaya a tsakiya, ya juya, ya faro daga ɗaya gefen. Sakamakon shi ne kafa mai faɗin baki biyu da tsukakken ƙugu, siffar kalangu sak. Duk inda aka ga irin wannan kafa a jikin tsohon dutsen wuya, hannun mai mahujin dutse ne ya bi ta wurin.

Abin da aka huda

Abu na farko shi ne ɓawon ƙwan jimina. Mun san ƙwan jimina a kan tulluwar tsofaffin masallatai da ɗakunan sarakuna, amma mutanen Nilu sun mai da ɓawonsa abin ado. Kaurinsa wajen milimita 2 ne. Akan farfasa shi ƙanana, a huda kowane yanki, a ɓalle kusurwoyinsa, a zura su a zare a matse, sa'an nan a goga jerin duka a cikin kwarmin dutsen yashi har su zama ƴan faya-fayai masu girma ɗaya. Mun san matakan ne domin a kufai akan tarar da waɗanda ba a gama ba: wani an huda ba a goge ba, wani ya fashe ana tsakiyar huji aka yar. Abin wuya guda yana cin ɗaruruwan irin waɗannan. Wannan sana'a ta girmi Khartum ta Farko nesa ba kusa ba, domin a Tanzaniya da Kenya an sami irinsu masu shekaru fiye da 40,000, kuma mutanen hamadar Kalahari suna yin ta har yanzu.

Abu na biyu shi ne kayan su, kuma a nan ne za mu ga yadda huda ta canja rayuwa. Masuntan Khartum ta Farko suna sassaƙa mashi da ƙashi, mai ƙayoyi a jere a gefe guda. Mafi yawansu an yi musu tsaga ne a kewayen gindi, inda za a naɗa igiya. A Shahainab kuwa sai ga masu kafa a gindi, wadda za a zura igiya a ƙulle. Wanda ya taɓa ganin giwan ruwa tana fizga ya san bambancin igiyar da aka naɗa da wadda aka zura: ta farko tana iya suɓucewa, kifi ya tafi da mashi, gida ya kwana da yunwa. Bugu da ƙari, a Shahainab ne aka sami ƙugiyar kamun kifi da aka yi da ɓawon wata halittar kogi mai marfi biyu. Yadda ake yin ta shi ne a huda tsakiyar yankin ɓawon, a faɗaɗa kafar da ɗan dutsen yashi har ta zama zobe, sa'an nan a yanke gefe guda a fiƙe baki. Da huda ake fara ƙugiya.

Abu na uku shi ne gyaran tukunya. A cikin kasaken wannan zamani akan ga masu kafa a gefen tsaga, ɗaya daura da ɗaya. Tukunya ce ta tsage, mai ita bai yarda ya yar ba, ya huda gefe biyu ya ɗinke. Wannan aikin gyartai ne ba ragi ba ƙari, yadda yake huda fasasshiyar ƙwarya ya ɗinke ta ta koma aiki. Hausawa suna cewa ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Amma a wannan karon tuna baya ɗaukaka ce gare shi, domin sana'arsa ta girmi kowace sarauta da muka sani.

Abu na huɗu, kuma mafi wuya, shi ne huda dutse. A Kadaro, kimanin kilomita 20 arewa da Khartum a gaɓar gabas, masanan ƙasar Poland ƙarƙashin Lech Krzyzaniak sun yi aiki daga 1972 zuwa 2003, suka buɗe kaburbura fiye da 200 na zamanin Shahainab. Wasu mamatan an binne su ba komai, wasu kuwa da abin wuya na jan aƙiƙ, da mundayen hauren dorina ko giwa, da ƴan wuri-wurin Bahar Maliya da aka huda aka jera, da kan kulki na dutse mai kafa a tsakiya inda ake soka sanda. Aƙiƙ yana da tauri kusan ɗaya da farar tsakuwa, saboda haka tsini kaɗai ba ya cin sa da sauƙi. Sai an haɗa da lallausan yashi da ruwa, ana murzawa ana ƙarawa, ana canja tsini idan ya mutu. Dutsen wuya guda yana iya cinye sa'o'i masu yawa. Wanda aka binne da jerin irinsu, an binne shi da kwanakin aikin wasu mutane. Daga nan masana suka fahimci cewa a wannan zamani ne aka fara samun manya da talakawa a bakin Nilu, kuma shaidar tana rataye a wuyan mamatan.

Haka nan a wasu sassan duniya mahujin dutse ya shiga har cikin bakin mutum. A Mehrgarh ta ƙasar Pakistan, binciken da aka buga a 2006 ya nuna haƙora 11 na mutum 9 waɗanda aka huda da tsinin ƙanƙara suna raye, tsakanin shekaru 7,500 da 9,000 da suka wuce. Masu huda duwatsun wuya ne a garin, kuma da alama dabararsu ce aka kai ga haƙori.

Koren dutse da doguwar tafiya

A Shahainab an sami duwatsun wuya na wani koren dutse mai ratsin shuɗi, wanda masana suke kira amazonait, har da waɗanda ba a gama hudawa ba, alamar cewa a nan ake aikinsu. Amma babu mahaƙar wannan dutse a kusa da Khartum. Arkell ya yi zaton daga yankin duwatsun Tibesti aka kawo shi, a kan iyakar Chadi da Libiya. A 2018, masanan Italiya sun auna sinadaran irin waɗannan duwatsu da aka samu a wata maƙabarta ta wannan zamani kusa da Dongola a arewacin Sudan, suka gano cewa sun dace da na kudancin Habasha, tazarar fiye da kilomita 1,500. Ko ta yamma ko ta kudu, dutsen ya bi hannu da hannu a zamanin da babu raƙumi, babu doki. Fatauci ya riga kuɗi zuwa duniya.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin hamadar da ta raba mu da Nilu a yau ba ta nan a wancan lokaci. Tsakanin shekaru 11,000 da 5,000 da suka wuce, Sahara tana da tafkuna da koguna. A Tagalagal cikin duwatsun Azbin, an sami tukwane masu zane irin na Khartum, masu shekaru kusan 10,000. A Gobero cikin Tenere, wadda aka gano a shekarar 2000, an sami kaburbura kimanin 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da mashin ƙashi mai ƙayoyi, da duwatsun wuya, da wata yarinya sanye da munduwar hauren dorina a dantsenta. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8 da shekaru kimanin 8,000. Daga Nilu zuwa tafkin Chadi zuwa Azbin, rayuwa iri ɗaya ce ta masunta masu tukwane da mashi da mahuji. Shi ma dutsen nan mai santsi da manoma suke tsinta a gona suna kira gatarin aradu, ba tsawa ce ta jefo shi ba. Gatari ne da hannun ɗan Adam ya goge a irin wannan zamani.

Sana'ar ba ta yanke ba

Da ƙarfe ya zo, tsinin dutse ya ja da baya, amma aikin ya ci gaba. Tsofaffinmu sun san lantana, jan dutsen wuyan da ake yi a Ilori. Ana haƙo dutsen a yankin Kirtashi a bakin kogin Kwara cikin ƙasar Nijar, fatake Hausawa su kai shi Ilori, masu sana'ar su huda shi da ƙananan tsinayen ƙarfe suna bugawa a hankali, su goge shi a kan dutse. Sana'ar ta yi tashe a ƙarni na 19, ta ja baya a farkon ƙarni na 20. Ita kuwa tsakiyar aƙiƙ da mahajjata suke kawo wa iyalansu tsaraba, da yawanta daga birnin Kambay na Indiya take fitowa, inda har yanzu akwai masu huda aƙiƙ da baka da tsini mai ƙwayar lu'ulu'u. Shi kansa Arkell ya rubuta maƙala a kan wannan ciniki a 1936, bayan ya bi diddigin duwatsun da ya gani a kasuwannin Sudan. Baduku da basillarsa, gyartai da tsinkensa, kafinta da makanike da injinsu, duk magada ne na wannan ɗan dutse. Yaron da yake jin kunyar koyon sana'ar hannu, ya kamata iyaye su gaya masa tsawon zuriyar da yake shirin shiga.

Halin da kayan suke ciki

Mafi yawan abin da aka tono a waɗannan wurare an ajiye shi a Gidan Tarihin Ƙasa na Sudan, wanda aka buɗe a 1971 a bakin kogi kusa da mahaɗar Nilu biyu. Wasu kuma suna gidajen tarihi na Landan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, cikinsu har da ƴan uwanmu Hausawan Sudan, kuma wannan ita ce babbar asara da ba ta da na biyu. Gidan tarihin ma bai tsira ba. Dakarun RSF sun shiga cikinsa a watan Yuni na 2023. A watan Satumba na 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga masu cinikin kayan tarihi a duniya da su guji sayen duk abin da ya fito daga Sudan, bayan rahotannin cewa an kwashe kaya daga gidan. Da sojoji suka karɓe tsakiyar birnin a watan Maris na 2025, ma'aikatan gidan sun tarar da ɗakunan nuni da na ajiya an wawushe su, an farfasa akwatuna. Gidan Halifa na Umdurman shi ma ya gamu da irin wannan ta'adi.

Ɓarawo zinariya yake nema, ba ya sha'awar farar tsakuwa. Amma idan ya zazzage akwatin ƙananan duwatsu a ƙasa ya tattake takardar da ke nuna daga ina aka tono su, ya kashe su kamar ya sace. Darajar mahuji tana cikin sanin inda aka same shi: a wane zurfi, kusa da wane kasko, tare da wane gawayi ko ɓawo da za a iya auna shekarunsa. In aka raba shi da wurinsa, ya koma tsakuwa. Ko kafin yaƙi, kufan suna fuskantar masu ɗibar tsakuwar gini da masu shimfiɗa sababbin unguwanni da masu neman zinariya. A 2020 masu haƙar zinariya da manyan injuna sun share wani wurin tarihi mai shekaru kusan 2,000 a Jabal Maraga, arewa da Khartum. Mu ma a Agadas da sauran garuruwan bakin hamada mun san yadda ake tsinto kibiyoyin dutse da duwatsun wuya a sayar wa baƙi da kuɗi ƙalilan.

Saboda haka muna jan hankalin magidanta da matan gida da malaman makarantu a kan abubuwa kaɗan da ke hannun kowa. Wanda ya ci karo da kasake da fiƙaƙƙun duwatsu ko ƙasusuwa a gona, ko wajen haƙa rijiya ko tushen gini, ya bar su a inda suke, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sanar da mai gari da hukuma: a Nijar akwai Gidan Tarihi na Bubu Hama da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, a Nijeriya akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai reshe a Gidan Makama na Kano, a Sudan akwai hukumar kayan tarihi da gidajen ajiyarsu. Idan kabari ne, komai daɗewarsa, na ɗan Adam ne, kuma bai dace a tone shi don neman abin sayarwa ba. Ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Sudan da Chadi da Masar da ƙasashen Larabawa, idan aka tallata musu tsofaffin duwatsun wuya ko gumaka ko kasake ba tare da takarda ba, su sani cewa mai yiwuwa kayan sata ne, kuma mai sayen kayan sata abokin ɓarawo ne. Su kuma yara, a kai su gidan tarihi lokacin hutu, a tsaya da su gaban akwatin ƙananan duwatsun da kowa yake wucewa, a nuna musu tsinin, a bar su su ƙiyasta sa'o'in da zai ɗauka kafin ya ɓula ɓawon ƙwan jimina ɗari biyu.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai da waɗanda suka yi hijira gidajensu.